Wa zai ba da lissafin karatun yara naƙasassu a arewacin Adar?

Kowace shekara, idan karatu ya kankama, takardar ƙidaya takan iso hannun shugaban kowace makarantar firamare a jihar Tawa. Yakan zauna ya cika ta layi bayan layi: ɗalibai nawa, maza nawa mata nawa, azuzuwan siminti nawa, na zana nawa, tebura nawa ne suka rage a kan ƙafafunsu, akwai ruwa ko babu, akwai makewayi ko babu. Daga hannunsa ta wuce wurin sufeto, ta isa ofishin ilimi na jiha a birnin Tawa, ta ƙarasa Yamai inda ake haɗa kundin alƙaluman shekara. Aiki ne mai amfani ƙwarai, don da shi ake tsara rabon malamai da littattafai. Sai dai takardar ba ta san kowa ba face wanda ya zo ya zauna a aji. Yaron da sanƙarau ya toshe wa kunne yana ɗan shekara huɗu, yarinyar da ƙyanda ta taɓa wa ido, wanda shan inna ya hana tafiya, wanda ya kai shekara tara bai iya haɗa magana ba, muddin suna gida, ba su cikin lissafin makaranta.

A ƙaramar hukuma irin Afala, wadda ke arewa da birnin Tawa, ƙauyukanta a warwatse har zuwa bakin ƙasar makiyaya, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Idan uban kurma ya tashi yau yana son ya san me hukuma ta yi wa ɗansa a bana, me ta yi alkawari, wa ya kamata ya cika, ina zai dosa? Ga doka, ga ma'aikata, ga rahotanni ana rubutawa. Abin da nake gani ya yi ƙaranci shi ne hanyar da lissafin zai bi ya dawo ƙasa, ya iske mutumin da abin ya shafa a garinsu, cikin harshen da yake ji.

Ta fuskar doka, Nijar ba ta makara ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. Babbar dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda malamai ke kira LOSEN, ta ware wa ilimi na musamman gurbinsa. Ranar 24 ga Yuni 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashe na 24 nata ya ce a koyar da su tare da sauran yara a makarantun yankinsu, sashe na 31 ya wajabta tattara alƙaluma a kansu, na 33 kuma ya buƙaci a kafa mai sa ido mai zaman kansa. Sai kuma wata dokar kan naƙasassu mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019. Har rana ta ƙasa aka ware musu, 31 ga Yuli. Babu mai cewa ba a rubuta ba.

A aikace kuwa, makarantun musamman na manyan birane ne. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba, akwai kuma na kurame a Maraɗi da Damagaram. Daga baya aka shigo da tsarin buɗe aji na musamman a cikin makarantar gwamnati ta kowa da kowa, inda yaro zai fara koyon rubutun makafi ko maganar hannu kafin a haɗa shi da sauran ɗalibai, kuma Tawa da Birnin Ƙonni suna cikin garuruwan da suka samu. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Amma ɗan ƙauye da ke nesa da birni ba zai amfana ba sai an samo masa gidan da zai zauna a Tawa, da mai ciyar da shi, da mai riƙe hannunsa zuwa aji. Uwa nawa ce za ta saki makauniyar 'yarta mai shekara bakwai ta tafi riƙo gidan da ba na dangi ba? A ƙasar Adar, inda magidanta da samari da yawa ke tafiya bida Abijan ko Libiya ko Aljeriya da zarar an gama girbi, uwar ce ke riƙe da gida, da dabba, da ɗebo ruwa. Yaron da ke buƙatar rakiya kullum shi ne na farko da za a ce ya zauna tukuna.

Rahoton da aka fi sani shi ne wanda ke hawa sama. Yarjejeniyar ta ce kowace ƙasa ta miƙa rahoton farko cikin shekara 2, daga nan kuma duk bayan shekara 4. Na Nijar ya kamata ya isa a 2010, amma sai a Maris 2019 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yarjejeniyar ya zauna da wakilan ƙasar a Janeba don duba shi. Cikin abin da ya nuna damuwa a kai har da ƙarancin alƙaluman da aka rarrabe, da ƙarancin yara naƙasassu a makarantun kowa da kowa. Yaron da ya isa shiga aji ɗaya a shekarar da aka amince da yarjejeniyar ya riga ya wuce shekarun firamare kafin a yi wannan zama. Kuma ko da an yi shi a kan kari, takarda ce da Faransanci, ana magana kan ƙasa baki ɗaya. Ba za ka buɗe ta ka ga Afala ko Barmu ko Takanamat ba.

Ko yawan yaran ma, wanda shi ne tushen kowane lissafi, yana da matsala. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu 715,497 a Nijar, wato kashi 4.2 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kashi 15 cikin 100 na mutanen duniya a 2011, ta ɗaga zuwa 16 a 2022, UNICEF kuma ta ce a 2021 yaro ɗaya cikin 10 a duniya yana da wata naƙasa. Ba wai 'yan Nijar sun fi sauran duniya lafiya ba ne, a ƙasar da ke tsakiyar yankin sanƙarau, wadda annobar 2015 kaɗai ta kwantar da mutum sama da 8,000. Bambancin yana cikin yadda ake tambaya. Idan malamin ƙidaya ya tsaya a zaure ya ce wa maigida, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?", amsar da zai samu ta makaho ce da gurgu da kuturu, waɗanda ido ke gani. Wani ma zai ce babu, don kada a yi da 'yarsa idan lokacin aure ya zo. Saboda haka ne masana ƙididdiga na ƙungiyar Washinton suka tsara tambayoyi shida da ba su ambaci naƙasa ba sam. Suna tambaya ne ko mutum yana shan wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu, ko yi wa kansa wanka da sa tufafi, ko fahimtar juna da mutane, kuma wahalar kaɗan ce ko mai yawa. A 2016 aka fitar da irinsu na yara tare da UNICEF. Uwar da ba za ta taɓa cewa ɗanta kurma ne ba za ta gaya maka ba tare da wata damuwa ba cewa sai an ɗaga murya yake waiwayowa.

Irin wannan yaron sau da yawa yana cikin aji ma, ba a dai san halinsa ba. Duk wanda ya leƙa ajin zana mai yara sittin ko fiye ya san irinta: yarinya a layin baya, idonta a kan bakin malam, tana motsa leɓe tare da sauran idan ana maimaitawa, amma in aka kira sunanta sai maƙwabciyarta ta zungure ta. Allonta a cike yake da abin da ta kwafa, don ta iya kwafa. A ƙarshen shekara a ce ba ta da ƙoƙari, ta maimaita aji, shekara ta biyu iyaye su ce tun da boko bai karɓe ta ba ta dawo ta kama aikin gida. A kundin Yamai za ta fito cikin waɗanda suka bar makaranta. Babu inda za a rubuta cewa da an matso da ita gaba, an duba kunnenta a likita, da ta ci gaba.

Akwai ƙasar da ta mai da wannan lissafi doka mai haƙori, kuma yana da kyau a san yadda ta yi, da inda abin ya ɓaci. A Amurka, dokar 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro naƙasasshe kyauta. An sauya mata suna zuwa IDEA a 1990, sannan gyaran 2004 ya ɗora wa kowace jiha ta rubuta shiri mai ma'aunai, ta kuma miƙa rahoto kowace shekara. Ma'aunan, waɗanda suka daɗe suna 17, abubuwa ne da kowa zai gane: nawa suka kammala sakandare, nawa suka bari, nawa ake kora, nawa ke yin aƙalla kashi 80 cikin 100 na yininsu a ajin kowa da kowa, nawa aka gwada cikin kwana 60 bayan iyaye sun ba da izini, me yaro yake yi shekara ɗaya bayan ya fita, aiki ko karatu ko zaman gida. Gwamnatin tarayya takan duba ta saka kowace jiha a ɗaya daga matakai huɗu, daga wadda ta cika sharuɗɗa zuwa wadda sai an tsoma baki sosai, kuma mataki na ƙasa yana iya taɓa kuɗin da ake ba ta. Abu biyu ne suka fi jan hankalina. Na farko, nemo yaron wajibin hukuma ne, ba sai iyaye sun kawo shi ba. Na biyu, jiha ma dole ta wallafa sakamakon kowace gundumar makarantu, don uba ya ga na garinsu.

Inda abin ya ɓaci shi ne Teksas. A 2004 hukumar ilimin jihar ta saka ma'auni da ke rage wa gunduma maki idan ɗalibanta masu samun ilimi na musamman suka wuce kashi 8.5 cikin 100. Gundumomi suka fahimci saƙon. Cikin kimanin shekara goma adadin ya sauko daga kusan kashi 12 zuwa 8.5 daidai, ba don yara sun warke ba, sai don an daina gwada su. Jaridar Houston Chronicle ce ta tono maganar a 2016, a Janairun 2018 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tabbatar jihar ta saɓa doka. Rahotannin duk suna tafiya a waɗannan shekaru. Iyaye da 'yan jarida ne suka gano, ba takardun ba. Mu ma muna iya faɗawa irin wannan rami ta ɗaya gefen: a ce wa sufeto za a yaba masa da yawan naƙasassun da aka rubuta, sai rajista ta cika da sunayen yaran da ba su taɓa kwana biyu a jere a aji ba.

Ba na ganin Nijar tana buƙatar kwafo ma'aunai goma sha bakwai daga ƙetare, ba ta da kuɗinsu ba ta da ma'aikatansu. Abin da take buƙata tana da shi, kuma a Tawa aka raine shi. A 2004 ne aka soma shirin Makaranta Don Kowa a wannan jiha, tare da hukumar JICA ta Japan, don farfaɗo da kwamitocin kula da makarantu da ake kira kojes, waɗanda daga baya aka sauya wa suna zuwa CGDES. Sirrin shirin bai da wuya. A zaɓi 'yan kwamiti da ƙuri'ar sirri maimakon a naɗa na kusa da maigari. A tara gari a tsara abin da za a yi wa makaranta a shekara. A sake tara gari a faɗi abin da aka tara, abin da aka kashe, abin da ya rage. Kwamitocin ƙauyuka kuma su haɗu su kafa tarayya a matakin ƙaramar hukuma. Abin ya yi kyau har aka faɗaɗa shi zuwa Damagaram, a 2007 kuma ya game ƙasa, wasu ƙasashen yankin suka ɗauka.

Wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya san ƙarfinsa. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, dattawa a gaba, mata a gefe da goyo. Ma'aji ya miƙe da littafinsa ya ce an tara jika kaza, an sayi zana kaza, an biya mai gadi. Sai wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Malam, zanar da kuka ce ashirin, mu sha biyar muka gani." Dole a tsaya a warware kafin a ci gaba. Wannan shi ne hisabi na gaskiya, ido da ido, kuma ba a buƙatar intanet ko kwamfuta. Abin da nake kira a yi shi ne a ƙara wa wannan taro tambayoyi kaɗan da za a riƙa amsawa kowace shekara, a kowace makaranta. Yara nawa ne a garin nan da suka isa makaranta suke da wahalar gani ko ji ko tafiya ko fahimta? Nawa ne a aji, nawa a gida, kuma me ya hana na gidan? Cikin waɗanda aka rubuta bara, nawa suka kai ƙarshen shekara, nawa suka wuce aji na gaba? Wa aka tura likita, kuma an gan shi? A ƙauye babu wanda ya ɓace wa mutane. Ungozoma ta san su, liman ya san su, ƙungiyar iyaye mata ta san su gida gida. Abin kiyayewa kawai shi ne a karanta adadi a bainar jama'a, sunaye su tsaya a littafin shugaban makaranta, don kada neman gyara ya zama tozarta yaro.

Sai dai kada a mai da wannan hanyar sauke wa talakawa nauyin da ke kan hukuma. Kojes na iya ƙirga yara, ta gyara ƙofar aji, ta nemo mai amalanke ya riƙa ɗauko gurgu. Ba za ta iya horar da malami ba, ba za ta buga littafi da rubutun makafi ba, ba za ta kawo mai gwajin kunne ba. Saboda haka lissafin da ya hau dole ya sauko da amsa. Tun 2016 dokar ƙasa ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na harkar ilimin firamare, tare da lafiya da ruwa da muhalli. A Afrilun 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo a madadin magadan gari. Wannan ya rage wurin da talaka zai yi tambaya, don haka ya ƙara wajabta a samu wata rana sananniya a shekara da mai riƙon ƙaramar hukuma da sufeto za su zauna gaban tarayyar kwamitoci su ce: bara kun kawo mana yara kaza, ga waɗanda aka duba, ga malaman da aka horar, ga kuɗin da aka ware, ga wanda ya fito, ga abin da ya gagara da dalilinsa. Ofishin ilimi na jiha kuma ya jera ƙananan hukumomin Tawa a takarda ɗaya, a karanta a gidajen rediyon al'umma da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Tun da kundin tafiyar da ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu hujjar a bar irin wannan rahoto da Faransanci kaɗai.

Na san abin da za a ce, don ana faɗinsa a fili: masu lafiya ma ba su samu ba, balle naƙasassu. Kuma akwai gaskiya a bayan maganar. Gwajin ƙoƙarin ɗalibai na PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin 10 ne a ƙarshen firamare a Nijar ya kai matakin da ake so a karatu, ko da yake na 2019 ya nuna an ɗaga. Ga matsalar tsaro a arewacin jihar, wadda harin Tiliya na 21 ga Maris 2021, da ya ci rayuka 137, ya nuna girmanta, ta rufe makarantu ta kori malamai. Amma wannan hujja ta ɗauka cewa layi ne ake bi, sai na gaba ya ƙoshi a waiwayi na baya, alhali yaro ba ya jira, girma yake yi. Kuma mafi yawan abin da ake nema na farko ba ya cin kuɗi mai yawa: zama a gaba, rubutu manya a allo, malami ya fuskanci aji idan yana magana, ƙarin lokaci a jarrabawa, makewayin da keken guragu zai shiga. Malamin da ya koyi lura da yaron da ba ya ji sosai ya koyi lura da kowane yaro da aka bari a baya. Sannan inda aka tsere wa rikici, iyalan da suka yi gudun hijira su ne suka fi buƙatar a ƙirga su, domin naƙasasshen cikinsu ne ke fara ɓacewa daga kowace rajista.

Wa zai tabbatar cewa abin da aka rubuta gaskiya ne? Darasin Teksas ya nuna ba a barin mai aiki ya zama shi kaɗai ne mai auna kansa. Akwai Tarayyar Naƙasassun Nijar, akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa da ta kurame. Akwai kuma tsohon tsarinmu na sarkin makafi da sarkin guragu, waɗanda suka san jama'arsu fiye da kowane ofishi. Gaskiya ne wannan sarauta ta daɗe tana haɗe da bara, har ana cire yaro mai ido daga makaranta don ya yi wa babba jagora, kuma shi ma wannan yaron ya kamata ya shiga lissafi. Duk da haka, idan aka ba su kujera a ranar rahoto, da damar su ce adadin nan ba haka yake ba, an samu mai binciken da ba ya jiran albashi daga wanda yake bincika.

Ragowar aikin na masu horar da malamai ne, kuma suna nan cikin birnin Tawa: makarantar horon malamai ta Kawsan, da sashen ilimi na Jami'ar Djibo Hamani. Su ne za su iya mai da tambayoyin nan shida zuwa Hausar Adar da Tamajak yadda uwa za ta amsa ba tare da jin kunya ba, su gwada su a ƙauyuka kaɗan na Afala, su koya wa kowane sabon malami yadda ake gwada gani da allon haruffa a bango da yadda ake gane yaron da ke karanta leɓe. Ɗaliban jami'ar kuma su ɗauki wasu makarantu kowace shekara, su kwatanta abin da ke cikin rajista da waɗanda ke zaune a aji ranar da suka je, su miƙa wa sufeto da tarayyar kwamitoci sakamakon a lokaci guda.